Detroit: waye mai tsakiyar gari, mai kuɗi ko mai minti biyu a gaban makirfo?

Duk ranar Talata da ƙarfe 10 na safe kansilolin birnin Detroit da ke jihar Michigan a Amurka suna zama. Su tara ne, bakwai kowa da mazaɓarsa, biyu kuma duk garin ne ke zaɓensu. A hawa na 13 na ginin gwamnatin birnin suke haɗuwa, ginin da aka sa wa sunan Coleman Young, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin a 1974. Kuma a kowane zama dole su ba jama'a fili su yi magana, ba wai alfarma suke yi ba, dokar jihar ce tun 1976 ta ce majalisa irin wannan ba za ta rufe ƙofa ta yanke hukunci ba, kuma wanda ya zo da magana a bar shi ya faɗa.

In ka taɓa kallon zaman nan ta intanet, don ana haska shi kai tsaye, abun zai ba ka dariya ya kuma ba ka tausayi lokaci guda. Mutum ya ba da sunansa, a kira shi, ya zo ya tsaya gaban makirfo, ga agogo nan yana ƙirga masa. Minti biyu ne in an yi sa'a, in masu magana sun yi yawa a rage ya koma ɗaya. Za ka ga tsohuwa ta taso tun daga can ƙarshen gari a bas, da takarda a hannu ta rubuto abin da za ta ce, ta ɓata rabin lokacin wajen gaishe da kansiloli da faɗin shekara nawa ta yi a layinsu, tana shiga ainihin maganar rufin gidanta da ke zuba sai a ce mata lokaci ya cika, mun gode, na gaba. Wasu ta Zoom suke kira, a yi ta ce musu ba a jin ku, ku buɗe makirfo, kafin su gano inda za su danna an wuce su. Bayan tsohuwar sai ga wasu ƙarti sanye da rigar ƙungiyar kafintoci iri ɗaya, su kuma an kwaso su ne su zo su ce a amince da aikin don suna son aiki. Kansilolin suna zaune, wani na rubutu wani na latsa waya. In an gama sai a kaɗa ƙuri'a.

To abin da nake so mu warware shine, wannan minti biyun yana canza wani abu kuwa? Don a Detroit maganar da aka fi tayar da jijiyar wuya a kanta a wannan ɗakin ba ta wuce guda uku da ke ɗaure da juna: kuɗin jama'a da ake ba attajirai su gina tsakiyar gari, ayyukan yi da ake cewa 'yan gari za su samu a madadin kuɗin, da kuma ko an tambayi 'yan garin ma tukunna.

Sai an san halin da garin ya shiga kafin a gane me yasa kansila zai yarda a ba biloniya fili a dala ɗaya. A 1950 mutanen Detroit sun kai kusan miliyan 1 da dubu 850, lokacin ita ce uwar masana'antar mota ta duniya, Ford da General Motors da Chrysler duk nan yankin suke. Ƙidayar 2020 ta samu mutum dubu 639 kacal. Masana'antu sun tashi, turawa masu hali sun koma garuruwan gefe, aka bar gari mai faɗin murabba'in mil 139 da kangaye da fitilun titi da ba sa kamawa, kuma kusan kashi 77 cikin 100 na waɗanda suka rage baƙaƙe ne. A watan Maris na 2013 gwamnan jihar Rick Snyder ya naɗa wani lauya Kevyn Orr a matsayin kantoman riƙo, ikon magajin gari da na kansiloli duk ya koma hannunsa, ranar 18 ga Yulin shekarar kuma birnin ya je kotu ya ce ya tsiyace, da bashin kusan dala biliyan 18. Ba a taɓa samun birnin Amurka mai girman haka da ya yi wannan faɗuwar ba. 'Yan fansho sai da aka yanke musu kuɗi.

Kuma ku ji wani abu, mako guda bayan an shigar da takardar tsiyacewar, wata hukumar jihar ta amince da shirin zuba kuɗin jama'a a gina wa iyalan Ilitch sabon filin wasa. Su Ilitch su ne masu kamfanin piza na Little Caesars, su ne kuma masu kulob ɗin hoki na ƙanƙara na Red Wings. A farkon 2014 kansiloli suka amince a miƙa filayen birni 39 a kan dala 1 don aikin. Filin wasan, Little Caesars Arena, an buɗe shi a Satumbar 2017, ya ci wajen dala miliyan 863, a ciki kusan miliyan 324 na jama'a ne. Abin da aka nuna wa mutane lokacin ba filin wasa kaɗai bane, zane aka yi ta bazawa na sabbin unguwanni har biyar a kewayensa, gidaje, shaguna, ofisoshi, wuraren cin abinci, aka sa wa abun suna District Detroit. Filin wasa kam ya tashi, har 'yan ƙwallon kwando na Pistons suka dawo cikin gari suka shiga. Unguwannin kuma shiru kake ji, abin da ya cika wajen sai filayen fakin mota, an shimfiɗa kwalta an zagaye da waya, daren wasa a karɓi kuɗi, gari ya waye wayam. Wasu tsofaffin gine-ginen ma rushe su aka yi aka ƙara filin fakin. Alƙawarin unguwannin ba a ɗaure shi da wani hukunci mai cizo ba, don haka da ba a yi ba babu wanda ya iya kama rigar kowa.

Daga ina kuɗin yake fitowa tunda gari ya tsiyace? Nan ne mutane da yawa suke rikicewa, har da wasu 'yan garin. Akwai wata hukuma ta raya tsakiyar gari da suke ce wa DDA, tun 1976 aka kafa ta. Dabararta ita ce, a ja layi a zagaye yankin tsakiyar gari, a duba harajin gine-gine da ake samu a wajen a shekarar da aka ja layin, a ce to wannan adadin shi zai ci gaba da shiga baitulmali kamar kullum, amma duk abin da ya ƙaru a kai nan gaba hukumar ce za ta riƙe ta sake zubawa a cikin yankin. A matsayin misali kawai, a ce gini yana biyan dala 100 a da, yanzu an gyara shi yana biyan 500, to 100 ke zuwa wajen kowa, 400 ta tsaya a tsakiyar gari. Masu kare tsarin sukan ce ai da ba a gina ba babu 400 ɗin ma, don haka ba a ƙwaci na kowa ba. Masu suka kuma su ce to shekara nawa za a yi ana wannan, an doshi shekara 50, kuma a cikin abin da ake riƙewa har da kason da ya kamata ya je laburaren gari da na makarantu, yaro a can unguwa laburarensu na fama, kuɗin kuma ga shi can ana biyan bashin filin wasa. Duka biyun suna da gaskiyarsu, amma ni na fi jin na biyun, saboda yankin da ake kira tsakiyar gari da kewayensa murabba'in mil 7.2 ne kacal cikin 139.

Ga kuma wani gyambo da ke sa mutane su zo gaban makirfo a fusace. Binciken da jaridar Detroit News ta fitar a 2020 ya nuna tsakanin 2010 da 2016 an caji masu gidaje a birnin harajin da ya wuce ƙa'ida da aƙalla dala miliyan 600, saboda darajar gidaje ta faɗi amma ba a rage kimar da ake lissafin haraji da ita ba. Dubban mutane aka ƙwace wa gidaje aka yi gwanjonsu saboda sun kasa biya. To ka ɗauki matar da ta rasa gidan da ta gada a kan harajin da tun farko an zalunce ta a lissafinsa, ka zaunar da ita tana ji ana cewa a yafe wa biloniya harajin shekara goma, me kake zaton za ta faɗa a minti biyunta?

Amsar da ake ba irinta kullum ita ce aiki. Aiki zai zo, 'ya'yanku za su samu. Kuma ba a bar shi a fatar baki ba, akwai umarnin magajin gari da ya ce duk aikin gini da kuɗin birni ya shiga da yawa, sama da dala miliyan 3, to kashi 51 cikin 100 na awannin aikin dole 'yan Detroit ne za su yi. A lura, awanni ake ƙirgawa ba kawuna ba, don kar ɗan kwangila ya ɗebo mutum 50 ya ba su tsintsiya kwana biyu ya ce ya cika sharaɗi. A takarda abun ya yi kyau. A filin wasan Ilitch kuwa ko kashi 30 ba a kai ba, aka ci 'yan kwangila tarar miliyoyin daloli, suka biya suka ci gaba da aikinsu.

Anan ne gizo ke saƙar. In tara ta fi sauƙi a kan cika sharaɗi, to tarar ta zama kamar kuɗin siminti, a saka ta a lissafin kwangila tun farko shikenan. Amma kuma a yi adalci, 'yan kwangilar ba ƙarya suke ba da suka ce ba su samu mutanen ba. Ginin irin wannan ba lebura yake nema da yawa ba, mai walda yake nema, mai wayarin, mai famfo, mai haɗa ƙarafa a sama, kuma a can ba ka zama ɗaya daga cikinsu sai ka yi shekara huɗu ko biyar kana koyon aiki a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago, ka ci jarrabawar lissafi, ka ci gwajin ƙwaya, kana da lasin tuƙi da motar zuwa wajen aiki ƙarfe 6 na safe. Waɗannan ƙungiyoyin kuma shekara da shekaru turawan garuruwan gefe ne suka cika su, uba ya shigar da ɗansa, baƙar fata ba ya samun ƙofa. Ba za ka kafa doka yau ka wayi gari da ƙwararrun masu wayarin dubu ba. Shi yasa aka ce kuɗin tarar ya tafi asusun horar da ma'aikata, daga baya kuma birnin ya yi yarjejeniya da wasu ƙungiyoyin cewa in suna ɗaukar 'yan gari a cikin sabbin masu koyon aiki to za a sassauta wa 'yan kwangilarsu. Wannan ya fi ma'ana gaskiya, sai dai amfaninsa sai bayan shekaru, lokacin an riga an gama ginin da aka yi alƙawarin aiki a kansa.

Maganar mota ma ba ƙarama bace, duk da ana ce wa garin birnin mota. Inshorar mota a Detroit na cikin mafi tsada a duk Amurka, gidaje da yawa ba su da mota sam, bas kuma ba abin dogaro ba. A 2015 labarin wani ma'aikacin masana'anta ya zagaye duniya, kullum sai ya taka kusan mil 21 a ƙafa zuwa aiki da dawowa saboda bas ba ta kaiwa. A 2016 aka kawo ƙuri'ar ƙarin haraji don haɗa sufurin yankin gaba ɗaya, ta faɗi da ƙyar. Abin da aka samu shine ɗan jirgin titi na QLine mai tafiyar mil 3.3 a titin Woodward, daga tsakiyar gari zuwa kusa da tsakiyar gari.

To abin da ya faru a filin wasan na cikin abin da ya tunzura mutane suka ce a'a, daga yau sai an zauna da mu tukunna. Ƙungiyoyin unguwanni suka tara sa hannu suka kai wani ƙudiri akwatin zaɓe a Nuwambar 2016, ƙudiri na A. Cikin masu tura shi har da Rashida Tlaib, wadda daga baya ta tafi majalisar wakilan Amurka. Abin da ya ce shine duk aikin da ya kai dala miliyan 15 kuma ya samu tallafin birni na dala dubu 300, dole mai ginin ya zauna da mutanen unguwa su ƙulla yarjejeniya, wadda in ya saɓa za su iya maka shi kotu da kansu. 'Yan kasuwa da wasu ƙungiyoyin ƙwadago suka ce wannan ai korar masu zuba jari ne. Sai wani kansila, Scott Benson, ya fito da kishiya, ƙudiri na B, majalisa ta sa shi ma a takardar zaɓe. Shi B ya ɗaga ma'aunin zuwa aikin dala miliyan 75 da tallafin miliyan 1, kuma yarjejeniyar tsakanin mai gini da gwamnatin birni ce, ba da mutanen unguwa ba. Ranar zaɓe A ya faɗi da kusan kashi 46, B ya wuce da kusan 53. Haka Detroit ta zama birni na farko a Amurka mai irin wannan doka ta amfanin al'umma, ana ta yabonta a waje, alhali waɗanda suka fara kawo maganar suna ganin an yi musu sakiyar da ba ruwa.

Ku duba yadda kwamitin unguwa yake a dokar da ta wuce, don nan ne komai ya fito fili. Mutum tara ne. Biyu kacal mutanen yankin ke zaɓa da hannunsu. Huɗu ma'aikatar tsara birni ce ke naɗawa, ita kuma a ƙarƙashin magajin gari take, wanda yawanci shi ya riga ya ƙulla cinikin da mai ginin kuma har an yi taron 'yan jarida an ɗau hoto. Ukun da suka rage kansiloli ne ke kawowa. Duk 'yan yankin ne fa, ba wai baƙi ake ɗebowa ba, amma ka san wanda ya naɗa ka ba ka cika yi masa gardama ba. Kwamitin kuma shawara yake bayarwa, ba shi da ikon cewa a tsayar da aiki. Mutane ne masu aikinsu da 'ya'yansu, da yamma suke zuwa, ba biyansu ake ba, a ajiye musu takardu ɗaruruwa na lissafin haraji a ce cikin 'yan makonni su fito da buƙatu, a ɗaya ɓangaren teburin kuma lauyoyi ne da akantoci da wannan ne abincinsu. A 2021 majalisa ta ɗan gyara dokar aka ƙara yawan zaman da dole a yi, amma ma'aunin miliyan 75 yana nan inda yake.

Kar kuma a ce dokar banza ce, don ba banza bace, akwai inda ta yi rana. A 2019 kamfanin Fiat Chrysler, wanda yanzu ya koma Stellantis, ya ce zai zuba dala biliyan 2.5 a gabashin garin, sabuwar masana'antar haɗa Jeep a titin Mack da gyaran wata tsohuwa kusa da ita, aiki wajen 5,000. Birnin ya yi ta fafutukar haɗa masa fili eka 215 cikin kwana 60. Abin da aka ciro a wannan cinikin da ya bambanta shine, ba a ce kashi kaza ba, cewa aka yi 'yan Detroit za a fara buɗe wa ƙofar neman aikin kafin kowa, kuma ta hannun ofishin samar da aiki na birnin mai suna Detroit at Work za a bi. Ofishin ya yi ta tara mutane yana tantance su, yana nuna musu yadda ake cike fom da irin gwajin da za a yi musu, ya miƙa wa kamfanin sunaye a shirye. Dubban 'yan gari suka samu aikin. Dalilin da ya sa wannan ya yi aiki na filin wasa bai yi ba a bayyane yake, aikin layin haɗa mota ba ya buƙatar shekara biyar ta koyo, kuma aiki ne mai ɗorewa ba na wata 18 ba, sannan akwai ofishi takamaimai da aka ɗora wa nauyi wanda za a iya tambaya mutum nawa kuka kai.

Amma je ka layin Beniteau, wanda ke manne da masana'antar. Da can akwai tudun ƙasa da ya raba su da wajen, aka kwashe aka sa katanga. Masana'anta na fara aiki sai warin fenti ya cika layin, mutane suka daina zama a baranda, ana kukan ciwon kai da tari, masu asma abun ya fi taɓa su. Hukumar muhalli ta jihar ta aika wa kamfanin takardun saɓa ƙa'ida tun daga 2021, har aka gano wani ɓangaren hayaƙin ba a ma haɗa shi da na'urar da ya kamata ta tace shi ba. An ba da kuɗin gyaran gidaje a cikin yarjejeniyar, eh, amma bai isa kowa ba, kuma sabuwar taga ba ta hana wari in ka fito tsakar gida. Gari ya samu aiki, 'yan layi ɗaya sun sha hayaƙi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kuma ba yau aka fara ba, shi yasa tsofaffin garin in suka ji kalmar ci gaba sai gabansu ya faɗi. Unguwannin baƙaƙe na Black Bottom da Paradise Valley an share su a shekarun 1950 zuwa 1960 aka yi babbar hanya da sabbin gidaje, a 1981 kuma aka tashi mutum wajen 4,200 a Poletown don a ba General Motors filin masana'anta, shi ma da sunan aiki. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma ai sai ya yi tsalle.

Yanzu mu koma ga minti biyun nan. Akwai lokacin da ya ciji. A 2022 Dan Gilbert, attajirin da ya dawo da kamfaninsa na ba da rancen gidaje tsakiyar garin a 2010 ya kuma saye gine-gine da yawa ta kamfaninsa Bedrock, ya nemi a yafe masa harajin dala miliyan 60 a kan dogon benen da yake ginawa a inda tsohon kantin Hudson's yake. Abin da ya ba mutane haushi shine ginin ya riga ya yi nisa, to in da gaske sai da tallafi za a iya, ya aka yi aka fara? Mutane suka yi ta cika zaman majalisa mako bayan mako, aka yi ta ɗage ƙuri'ar saboda an ƙirga an ga ba za ta wuce ba. Sai da kamfanin ya ƙaro abubuwa, wajen shaguna ga ƙananan 'yan kasuwar gari da kuɗin gyaran unguwanni, sannan a ƙarshen Yuli ta wuce da 5 da 4. Ƙuri'a ɗaya ce tsakani. Wato hayaniyar ba ta hana cinikin ba amma ta sa an ƙara farashi, kuma ta yi hakan ne kawai saboda ba a riga an kaɗa ƙuri'ar ba, attajirin yana buƙatar hannu biyar kuma bai cika su ba. Da an amince tun zaman farko da duk abin da za a faɗa daga baya ihu ne bayan hari.

Bayan wata takwas sai ga su Ilitch sun dawo, wannan karon tare da wani attajirin, Stephen Ross, da sabon zanen District Detroit, gini goma na dala biliyan 1.5, suna neman tallafi da ya doshi miliyan 800. An bi dokar tsaf, an kafa kwamitin unguwa, an yi zama, an sa hannu. A gaban makirfo mutane suka yi ta tuna wa kansiloli filayen fakin. Ranar 28 ga Maris 2023 aka kaɗa ƙuri'a, 8 da 1. Wadda ta ce a'a ita ce shugabar majalisar da kanta, Mary Sheffield. Hujjar masu cewa eh ita ce wannan karon yawancin tallafin ba tsabar kuɗi bane da za a miƙa a hannu, harajin da ginin zai samar ne za a mayar musu, in ba su gina ba ba su samu ba. Wannan gaskiya ne, kuma darasi ne da aka koya daga karon farko. Sai dai shekara biyu bayan ƙuri'ar yawancin gine-ginen ko harsashi ba a sa ba, ana cewa kuɗin ruwa ya hau kuma tun bayan korona ba a neman ofis kamar da. Birni bai yi asarar kuɗin ba, amma filin yana nan a hannunsu a zaune, aikin da aka ce wa kafintocin nan masu riga iri ɗaya ma bai zo ba.

Wani abu da ban so in tsallake, kansilolin nan hannunsu a ɗaure yake fiye da yadda mai ihu a gaban makirfo yake zato. Jihar Michigan ta yi doka a 2015 da ta hana birane tilasta wa kamfanoni mafi ƙarancin albashi nasu na kansu. Tun 1999 ma jihar ta hana birni ya ce dole ma'aikatansa, har 'yan sanda, su zauna a cikin garin. Ga kuma harajin albashi, ɗan gari yana biyan kashi 2.4, wanda ke shigowa aiki daga waje 1.2, don haka ko ma'aikacin ofis ɗin da ke zuwa daga gefe ya koma da yamma yana sa wani abu a asusun birni, shi yasa magajin gari Mike Duggan da ya yi mulki daga 2014 ya dinga nacewa a kan a cika tsakiyar gari ko ta halin ƙaƙa. Kuma ba za a ce bai ga sakamako ba, tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central da ta zama kango tun 1988 Ford ta saya ta gyara aka buɗe a 2024, alƙaluman 2023 kuma suka nuna mutanen garin sun ƙaru a karon farko tun 1957. Shirin aikin bazara na matasa da aka fara a 2015 shi ma yana ɗaukar yara wajen 8,000 duk shekara, 'yan 14 zuwa 24, mako shida ana biyansu. Mako shida dai mako shida ne, ba ya riƙe gida, amma yaron da bai taɓa ganin cikin ofis ba ya gani.

Ni abin da na lura da shi a duk waɗannan, wanda aka rubuta da adadi da rana da sunan ofishin da zai bibiya shi ake samu, kamar na Jeep. Wanda aka bari a zanen kwamfuta mai itatuwa da mutane suna shan kofi a bakin titi, wannan romon baka ne, har yau mota ake fakawa a wajen. Kuma sauraron jama'a da ake tinƙaho da shi, in dai an riga an yi hoton sa hannu da magajin gari kafin a kira taron unguwa, to ba shawara ake nema ba, sanarwa ake yi, abin da ya rage wa mutane su yi ciniki a kai sai gyara-gyara, benci a lambu ko kuɗin fentin gida.

A Nuwambar 2025 waccan Mary Sheffield da ta tsaya ita kaɗai a ƙuri'ar 8 da 1 ta ci zaɓen magajin gari, mace ta farko a tarihin Detroit. Yanzu ita ce a kujerar da ake ƙulla cinikin kafin ya iso hawa na 13, ma'aikatar da ke naɗa mutum huɗu cikin tara a kwamitin unguwa ma ta dawo ƙarƙashinta. Kuma akwai babba a gaba, General Motors ta bar hedikwatarta ta Renaissance Center, dogayen benayen gilashin nan na bakin kogi da ke kallon Kanada, ta koma sabon ginin Gilbert, su biyun kuma tun ƙarshen 2024 suka fito da shirin rushe biyu daga cikin benayen a gyara sauran a kan dala biliyan 1.6, a lokacin suka nemi jihar ta sa miliyan 250 na kuɗin jama'a a ciki.